Dattijon da Ya Hana Ni Zuba Koko a Hula

Jiya na wuce wani gini a Fagge, ƙanshin jiƙaƙƙen siminti ya tuno min da Baba, shugaban leburorin ginin gwamnati a Sabon Gari, zamanin arzikin fetur. Ni ce mai kokonsu. Da aka raba musu hular kwano, a ciki suke karɓar koko.

Baba ya ce min, "'Yar nan, na koya musu sun ƙi ji. Wanda hularsa ba ta kansa, kar ki zuba masa."

Har mijina, da ke cikin leburorin, na hana! Ya sa ta yana ƙunƙuni. Ba a daɗe ba bulo ya faɗo masa a ka. Hular ta lotsa, shi kuwa ya tsira, a gabana ya tsufa.

Baba, ina kewar muryarka. Allah ya lulluɓe ka da rahama yadda ka rufe kan mijina.