Ranar da Nna Wusa Ta Shiga Idon Ruwa

Hawawu na zaune a rumfar kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, tana tsince shinkafa, hantsi ya ɗaga, sai ihu ya tashi daga bakin ruwa: "Jirgi ya kife! Jirgi ya kife!" Farantin ya suɓuce mata. Ranar kasuwar ƙetare ce, kogin Kwara ya cika ya batse irin na ƙarshen damina, kuma ba a yi rabin sa'a ba da mahaifiyarta, Nna Wusa, ta tayar da inji ta tafi da fasinja.

Tana gudu ta ji wani a bayanta yana cewa, "Ai na matar nan ne. Dama mun faɗa." Ba ta waiwaya ba. Da ta iso bakin ruwa ta durƙusa cikin taɓo. Wata biyu ke nan da ta dawo Lenfagi daga jami'a tana jiran kiran bautar ƙasa, kuma duk tsawon karatunta ba ta taɓa kawowa a ranta cewa ruwan da ya ciyar da ita zai iya cinye uwarta ba.

Nna Wusa ba ta taɓa zama a aji ba. 'Yar masunta ce, ta auri Jiya mai jirgi tana da shekara ashirin. Shekara goma sha takwas ta yi tana zaune a goshin jirginsa da doguwar gora a hannu, tana auna zurfi, tana kwashe ruwa da ƙoƙo, tana nuna masa inda yashi ya koma bana. Shi ke riƙe da inji, amma ita ke karanta ruwa. Idan ta ga wuri ya yi laushi yana murɗawa a hankali, ta san akwai kututture a kwance a ƙasa.

Da Jiya ya rasu, ƙannensa suka zo za su ɗaga injin su kai Bida su sayar. Suka same ta a cikin jirgin ta kwance fulogi tana goge shi da bakin zanenta.

"Yaya, me kike yi haka?"

"Abin da idonku ya nuna muku. Ku sauka, kuna min nauyi."

Maganar ta kai gaban Ndako Gana, shugaban matuƙa, tsoho mai ido ɗaya wanda ba a tayar da inji a kwatar sai da saninsa. Ya yi kwana uku yana shawara da dattawa, sannan ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, jirgin zai ci gaba da bin layi da sunan Jiya, don ba a taɓa rubuta sunan mace a littafin matuƙa ba. Na biyu, ba za ta ratsa Idon Ruwa ba. Wannan shi ne wuri mafi zurfi a tsakiyar kogin, inda kakanni ke zuba garin shinkafa farkon shekara, kuma tun fil azal mace ba ta riƙe jirgi a kansa. Ta zauna a matsayin fasinja ba laifi, amma ba ta tuƙa ba.

Don haka shekara goma sha ɗaya Nna Wusa na zagayawa ta bayan tsibiri. Tafiyar da maza ke yi cikin minti ashirin, ita sai ta yi arba'in. Suka sa wa hanyar suna hanyar mata. A shekarar farko babu namijin da ya taka jirginta, sai mata masu bandar kifi da masu tukwane. Tsado, wanda ya fi kowa babban inji, in ya wuce ta sai ya ɗaga murya:

"Matar Jiya! In kin iso gobe ki gaishe min da mutanen kasuwa!"

"To, Tsado. In ka ga injinka ya yi tari, ka aiko, ina da magani."

Kuma ya aiko, har sau biyu, ko da yake ta hannun matarsa. Ita ce ta fara sayen rigunan ruwa masu hana nutsewa a kwatar, guda goma sha biyu masu ruwan lemo, aka yi ta dariya wai ta mayar da fasinja 'yan ƙwallo. Sannu a hankali malaman makaranta suka fara shiga jirginta, sai limamin ƙetare, wanda ya ce shi ya fi son ya isa a makare da ya isa a jiƙe. Da kuɗin wannan doguwar hanyar Hawawu ta gama firamare, ta yi sakandare, har ta ɗauko digiri.

Tana nan durƙushe a taɓo sai wata tsohuwa ta dafa kafaɗarta. "Ke, ɗago ki gani. Wancan ba jirgin uwarki ba ne?"

Can nesa, wani jirgi ya fito daga bayan tsibiri babu kowa a ciki sai mutum ɗaya mai jan ɗankwali. Wanda ya kife na Tsado ne, ya hau kututture da gudu a daidai Idon Ruwa. Nna Wusa ta hango abin, ta sauke fasinjanta a kan tsibiri, ta karɓe rigunan, ta miƙe kai tsaye zuwa wurin da aka hana ta. Da ta matso sai ta kashe inji don kada farfela ta sare mutane, ta bar ruwa ya kawo ta. Ta watsa rigunan, ta miƙa gorar nan tata. Wata mai goyo ta ƙi sakin buhun da ta rungume, Nna Wusa ta daka mata tsawa, "Saki, don ubanki! Buhu kika haifa?" Ta jawo ta da ɗan.

Mutum tara ta fitar, cikinsu har da mahaifiyar Tsado. Sauran biyar, da shi Tsadon, masunta ne suka tsamo su. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Da jirgin ya taɓa gaɓa mata suka ɗauki guɗa. Hawawu ta faɗa jikinta tana kuka. Nna Wusa ta ture ta a hankali. "Ke, mai digiri, matsa. Na bar mutane a tsibiri rana na dukansu." Ta sake tayar da inji.

Washegari Ndako Gana ya aiko a ɗaure jirgin Jiya har dattawa su zauna. Kwatar ta rabu biyu. Wasu na cewa doka doka ce, in aka bar wannan gobe kowace mace za ta ratsa, kuma ruwa ba ya mantuwa. Wasu na cewa ai ruwan ya riga ya ba da amsa, tunda ta shiga ta fito da mutum tara. Tsado bai zo gaisuwa ba, amma mahaifiyarsa ta aiko da tukunyar tuwon shinkafa da miyar wake, da saƙon cewa duk ranar da za a zauna za ta je ta zauna a ƙofar zauren, ko an kira ta ko ba a kira ta ba.

Har yanzu tsoron ruwan bai saki Hawawu ba. Ta ce, "Nna, in sun hana ki, ki huta kawai. Na kusa fara aiki."

Nna Wusa na zaune a tsakar gida, ta baza kayan injin a kan tabarma tana wanke su da fetur. Ba ta ɗago ba.

"Ban je roƙon a bar ni ba, Hawawu. Na gaya wa Ndako, in za a bar ni, a goge sunan babanki, Allah ya jiƙansa, a rubuta nawa. Shekara goma sha ɗaya mamaci na tuƙa jirgi a kwatar nan. Ya isa ya huta."

"In sun ƙi fa?"

"Miƙo min waccan sufanar."

Ranar Alhamis bayan la'asar dattawa suka shiga zauren Ndako Gana da littafin matuƙa. Mata sun kai talatin a ƙofar, kowace da kujerarta. Aka tashi ba a gama ba, aka ce sai Litinin. Yau Asabar. Jirgin na ɗaure a kwata, injin a haɗe yake tsaf, kuma ba a san me za su ce ba tukuna.