Fanke Mai Ciki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 25 ga Sha'aban 1446, Allah Ya karɓi ran Yaya Laouali, ɗan Maraɗi, kuku a gidan wasu Turawan Polan a unguwar Al-Badi'a. Zazzaɓi ne kawai, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. A nan Riyad muka binne shi.

Yaya, kai ka ɗauke ni daga bakin titi a unguwar Dira lokacin da kafil ɗina, ubangidan da ya kawo ni ƙasar nan, ya kore ni, ka ba ni gefen katifarka. A ɗakinka na fara cin abin nan da Madam, uwar gidan da kake wa aiki, ta koya maka. Ka ce a ƙasarsu, Alhamis ta ƙarshe kafin azuminsu, sukan ƙarar da mai da ƙwai da sukari, su soya shi da zaƙi a cikinsa, kowa sai ya ci. Ita "ponciki" take cewa, kai kunnenka ya ji "fanke mai ciki". Sunan ya zauna. Ka mayar da shi Alhamis ta ƙarshen Sha'aban, ka cusa masa dabino, direbobi da leburori su cika ɗakin. Na sha zuba ido, ban taɓa gane ta inda dabinon ke shiga ba. In na tambaya sai ka yi dariya, ka ce, "Yaro, ba a tambayar mai ciki."

Jiya Hajjo ta kira ni daga Maraɗi. Matarka, Yaya, da cikin da ba za ka ga abin da ke cikinsa ba. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Saidou, ya yi mini alkawarin fanken nan in ya zo da salla. Tun da cikin ya shiga shi nake kwaɗayi. Ka iya?"

Na ce na iya. Me zan ce mata?

Gobe Alhamis. Tun safe nake kwaɓawa, duk wanda na jefa a mai sai ya fashe, dabinon ya ƙone. Don Allah, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Yaya Laouali yana soyawa, ya neme ni a Dira.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga iyayenka da 'yan'uwanka na Maraɗi. Hajjo, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sauke ki lafiya. Ban daina gwadawa ba.