Moɗa ta biyu a jikin danga

Ranar wata Asabar, a bazarar da nake aji uku na sakandare, ina zaune a inuwar rudun albasarmu a Aliero, wato bukkar da ake jibge albasa bayan cira, da wani littafin Turanci a cinyata. Wata malama 'yar bautar ƙasa ce ta bar mini shi da za ta tafi, bangonsa ya riga ya yage. Wata baƙar fata 'yar Amurka ce ke ba da labarin rayuwarta, yadda ta tashi ta ga famfo biyu a tashar garinsu, ɗaya na Turawa, ɗaya nasu, da yadda daga baya suka yi taurin kai suka sha a na Turawan, aka yi musu duka aka kulle su. Turancina bai taka kara ya karya ba, ina tsallake rabin kalmomin, amma famfon nan biyu sun shige ni.

Da na ɗago kai, idona ya sauka a kan moɗar da ke rataye a jikin danga. Tun tasowata take nan. Ita ake ba 'yan ƙwadagon da ke zuwa daga kudancin jiha cirar albasa, waɗanda ba Musulmi ba. Tamu kuwa tana kan randa. Na taɓa tambayar kakata Inna, ta ce, "Ba ƙyama ta ba, ɗiyata, haka munka iske."

Cikin masu zuwa akwai wani dattijo, Baba Dauda, da 'yarsa Talatu, sa'ata. Duk shekara a gonarmu suke samun abin da za su kai gida. Tare muke yanke ganye, mu ware ruɓaɓɓu, idanu na zuba, in an tashi mu yi 'yar carafke da tsakuwa har a kira ni wanke-wanke. Ranar da Talatu ta shigo gida da ƙishi, sai na ɗebo ruwa da moɗar kan randa na miƙa mata. Ta dube ni, ta dubi danga, sannan ta sha.

Inna tana kan tabarma tana gani. Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi a hankali, ta karɓi moɗar daga hannun Talatu, ta ɗaura mata igiya, ta rataye ta kusa da ɗayar, ta aiki ƙanena kasuwa ya sayo sabuwa. Baba Dauda yana bakin ƙofa da buhu a kafaɗa, ya ga komai. Ya ajiye buhun a inda ake ajiyewa, ya kira 'yarsa, suka yi sallama kamar kullum. Washegari ba su zo ba, da shekara ta zagayo ma haka. Aka ce sun koma wata gona wajen Maiyama.

A littafin, duk abin da matar ta yi sai an yi ihu, an fito titi, an yi waƙa. A gidanmu ko tari ba a yi ba. Ban yi kuka ba, ban kuma ji haushin kowa ba. Kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, haka zuciyata ta zama. Na ƙarasa littafin a cikin rudu, ban ji komai ba har shafin ƙarshe.

Yanzu a Jega nake koyarwa. In na je gida lokacin cira, sai in ga an sauke ruwan leda a bakin gona, kowa ya fasa tasa ya sha ya jefar, ba mai taɓa ta wani. Inna ta rasu, dangar ta zama katangar bulo. Nakan duba fuskokin matan da ke yanke ganye ko zan ga Talatu. Har yau ban san ko ta ƙoshi da ruwan nan ba kafin a karɓe moɗar.