Baitin Gwaggo a Bakin Turmi

A kasuwar Maigatari na fara jin ta, ranar Alhamis, a rumfar masu tura waƙoƙi a waya. Na je sayen igiyar ɗaure akuya, sai lasifika ta kwaɗa mini waƙar lugude ta matan gidanmu na Ɗanzomo, an cusa mata fiyano da wani kiɗa mai tsalle-tsalle. Da a nan aka tsaya da na yi tsaki na wuce. Sai ga baitin Gwaggo, yayar mahaifina, a bakin wani saurayi yana lanƙwasa murya:

"Mai tafiya arewa, tuwonka na cikin akushi,
Na rufe da faifai, ƙuda bai taɓa ba."

Mai rumfar ya ce ai waƙar soyayya ce, ta wani mawaƙi na birni, kowane gidan biki ita ake sawa. Na ce soyayyar gidanku. Har yau ban san me ya hana mai rumfar nan ya mare ni ba.

Waƙar kanta tsohuwa ce, ba wanda ya san wadda ta fara ta. Amma al'adar gidanmu, idan mata sun kewaye turmi lokacin sussukar gero, kowace tana da baitinta da ta ƙaga, ba mai rera na wata. Gwaggo ta yi nata ne bayan ɗanta na fari ya tafi cirani ta wajen Agadas bai dawo ba. Ɗan fari kuwa a wurinmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi. Ban taɓa ganin ta yi masa kuka ba. A bakin turmi kawai take magana da shi, kowa ya sani, kowa kuma yakan yi kamar bai gane ba. A wani biki da aka yi a gidanmu ne wata baƙuwa ta ɗauki matan a waya suna lugude, daga nan abin ya bi duniya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sami wani lauya a Gumel, abokin karatuna, mutumin kirki amma da son dogon bayani. Ya ce in waƙar gargajiya ce, ta jama'a ce, hukuma ce ke da ikon bin kadinta, sai mu kai ƙorafi mu zauna jira. Amma in baitin nan Gwaggo ce ta ƙaga shi, haƙƙinta ne ita kaɗai, za a iya tilasta wa mawaƙin ya cire. Abin da ake so kawai ta faɗa da bakinta gaban shaidu.

Na ga abu ya zo da sauƙi. Na goyo lauya a babur har Ɗanzomo, muka sami Gwaggo a gindin bishiyar bedi tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa ya kunna mata waƙar. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai daina aiki ba.

"Inna, wannan baitin ke kika yi shi?" in ji lauya.

"Waƙar mata ce, ɗan nan. A bakin turmi na tsince ta."

Na ce, "Haba Gwaggo! Duk garin nan wa bai san naki ba ne?"

Ko kallona ba ta yi ba. Lauya ya gyara zama ya sassauta murya.

"To Inna, shi mai tafiya arewan, wane ne? In kika faɗa, shi ne shaidarmu."

"Matafiya ai suna da yawa," ta ce. Ta miƙa masa gyaɗa a faifai.

Nan na san an gama. Don doka ta tsaya mata, sai ta zauna gaban baƙo namiji ta ce ɗana ne, na fari, ina kewarsa. Abin da ta ɗauki shekaru tana ɓoyewa a cikin waƙa ke nan. Na ji haushin mawaƙin, na ji haushin dokar da sai ka buga ƙirji ka ce nawa ne kafin ta san da zamanka. Gwaggo ma na ji haushinta, har na yi kwanaki ban leƙa ɗakinta ba. A hanyarmu ta komawa ranar nan lauya yana ta ba ni shawarar mu bi ta hukuma. Mun kai ƙorafin, har yanzu ana dubawa.

Da kaka ta zo na je gida ana sussuka. Mata sun kewaye turmi, taɓare na tashi suna sauka, kowace na jefa baitinta. Da aka zo kan Gwaggo sai ta yi shiru, ta ci gaba da daka. Sauran ba su tsallake ta ba, suka bar mata gurbinta, ba a jin komai sai lugude har tsawon baitin ya ƙare.

Da yamma na same ta tana sheƙe gero, na tambaye ta dalili.

"Jiya 'yan mata suka wuce ta ƙofar gida suna rawa da baitin," ta ce. "Da wane baki kuma zan kira shi ya ci tuwo?"