Wuƙar Auren Mangwaro

Idan zafi ya kankama a Guangzhou, bishiyoyin mangwaron bakin titi sai su yi ta zubar da 'ya'ya, motoci na bi ta kai, ba mai ɗauka. Warin nan mai ɗan tsami ne ya tare ni shekaranjiya ina fitowa daga kasuwar Tianxiu, kuma in gaya maka gaskiya raina ne ya ƙara ɓaci, don kai tsaye ya mayar da ni lambun kakana.

Kakan nawa na wajen uwa ne, auren mangwaro ne sana'arsa. In ba ka sani ba, reshen mai daɗi ake yankowa a haɗa da jikin mai tsami, a ɗaure har su kama juna. Farkon damina yake yi, ƙasa ta sha ruwa, bishiya ta yi sabon toho ja-ja. Sai ya tsuguna, ya zaro wuƙarsa daga aljihun 'yar shara. 'Yar ƙarama ce mai naɗewa, ƙotarta ta katako ta yi baƙi da gumi da ƙaro, ga tsaga a gefe da ya ɗaure da wayar tagulla. Kaifin ya sha wasawa har ya yi ciki kamar lauje. Yanka ɗaya yake yi, ba ya komawa. In na miƙa hannu sai ya ce, "Kalla da ido, ɗan nan, hannunka duk maiƙo." Na yi shekaru ina kallo da ido, kuma a haka na lura da wani ɗan tambari a gindin ƙarfen, wanda ya kusa shafewa. Ba wanda ya san inda aka ƙera ta. Shi kansa cewa yake wani malamin gona ne ya ba shi tun yana saurayi.

Wannan tambarin ne ya jefa ni cikin tara tsofaffin wuƙaƙe. Yanzu ina da talatin da wani abu, har abokai na kirana sarkin fawa. Na koyi duba gindin ƙarfe, na koyi bambanta ƙusar tagulla da wadda aka shafa wa ruwan tagulla, na san ƙotar ƙashi daga ta roba ko da ido a rufe. Duk da haka ban taɓa cin karo da irin ta kakana ba. A wata kasuwar tsofaffin kaya a nan akwai wani dattijo ɗan China mai gilashin ƙara girma, wanda ya ce in na kawo ta zai gaya min ƙasarta da zamaninta. Shi ya sa da na je gida na roƙi mahaifiyata, don a wurinta wuƙar take tun rasuwar Kaka. Ta kwance ta daga cikin wani ƙyalle.

"Ita kaɗai ta rage min ta Baba," in ji ta. "Ka dawo min da ita yadda take."

To ka ji amanar. Ga kuma yadda na yi da ita.

Ba a shiga jirgin ƙasan garin nan da wuƙa, ni kuma da na dawo, tun kafin in kai ta wurin dattijon, tafiyar kwana huɗu ta taso min zuwa duba kaya. Sai na jefa ta a durowar shagonmu. Shagon na ɗan wan babana ne, Yaya nake ce masa, kuma bai taɓa ganin kakana ba balle wuƙarsa. Abin da ya fi ƙona min rai, na fi kowa sanin durowar nan. Duk abin da mutanen gida suka aiko a buga musu irinsa, takalmi ne, kwaɗo ne, cokali ne, a cikinta ake sawa. Tafiyar ta zarce mako uku. Da na dawo, durowa wayam.

"Yaya, ina wuƙar da na ajiye a nan?"

"Tsohuwar nan? Ai tana masana'anta a Panyu. Dubu biyu na ce su buga mana, kada su canza komai. Manoma za su yi rububinta."

"Ta kakana ce fa, amanar Inna ce!"

"To kai da ka sa ta cikin sanfur, duba zan yi in sani?"

Washegari na kama hanyar Panyu.

Mai masana'antar, wanda duk muke ce wa lawban, ya tarbe ni da fara'a da shayi. Ya sa aka buɗe kwali. Wuƙar kakana ce jere reras, ɗari bisa ɗari. Sun yi baƙin ƙotar da fenti, sun yi tsagar, sun naɗa wayar, har cikin da kaifin ya yi sun kwaikwaya. Tambarin ne kawai suka kasa karantawa, suka buga wani dabbare a wurinsa. Na ce ta asalin nake so. Sai ya shiga ofis ya fito da ƙaramin akwati, ya miƙo min da hannu biyu, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Kyauta ce ya yi mana: ya sa an gyara ta. An goge ƙarfen da inji yana ta ƙyalli, an daidaita kaifin, an sa sabuwar ƙota ja. Na juya gindin ƙarfen, sumul, ba ko ɗigon tambari.

"Tsohuwar ƙotar fa?"

"Meyo," in ji shi, wato babu. An share ta da shara tuntuni.

Na so in yi faɗa, amma da wa? Mutumin alheri ya yi niyya. Yaya sana'arsa ya yi. A nan abin da ya tsufa lalacewa ya yi, sai a gyara ko a buga sabo, kuma mu ma da wannan muke ci. Ni da nake taƙama da gane tsohuwar wuƙa, ga ni riƙe da guda biyu: ta gaskiyar ba ta kama da komai, ta jabun kuma ita ce sak.

Na san in na aika ta jabun, idon Inna ya yi rauni, za ta naɗe ta a ƙyalle ta ajiye har ƙarshen ranta. Na kwana biyu ina juya abin, na ga ba zan iya ba. Ta gaskiyar na ba wani ɗan kasuwa mai komawa Kano. Bayani kuwa na ce sai ta kira zan yi, don tsoro ya hana ni kiran ta.

Jiya ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, "An kawo min wata jar wuƙa, Allah ya yi albarka. Na ba matar ƙaninka, ta ce tana cin albasa sosai." Sannan ta ce, "Ta Baba fa, yaushe za ka kawo min?"