Albasar Mai Littafi

A Ringim in ka ce Muntaka sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Mai Littafi kowa zai nuna maka ƙofar gidansu. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma yayansa Malam Abdulkahar ne ke riƙe da makarantar tun rasuwar mahaifinsu. Muntaka ya sauke Alƙur'ani kamar kowa a gidan, ya gama sakandare, sannan ya tafi Dutse neman abin yi, ya samu aiki a wani shagon kwafi kusa da jami'a.

To, nan fa cutar karatu ta kama shi. Ɗalibai su kawo littattafan tattalin arziki da tarihi da na halayyar ɗan Adam a kwafa musu, inji na aiki, idon Muntaka na bin takarda. Mai shagon har ya gaji da faɗa, domin sau da yawa mutum na tsaye yana jiran aikinsa, gogan naka ya maƙale a shafi ɗaya baki buɗe. Turancinsa ba wani na a-zo-a-gani ba ne, amma akwai naci. In kalma ta gagare shi sai ya tare ɗalibi a bakin ƙofa ya tambaya, ko kunya babu.

Cikin duk abin da ya karanta, abu ɗaya ya tsaya masa a rai, domin da idonsa ya sha ganinsa a gida. Manoma da farashin bara suke shuka bana. In tumatir ya yi tsada, kowa ya rufta kansa, badi ya cika kasuwa ya faɗi warwas. Mutum yakan fi yarda da abin da ya ga maƙwabcinsa na yi a kan abin da hankalinsa ya ba shi. Muntaka ya ce wallahi kamar mai littafin ya taɓa zama a bakin kogin Ringim.

Da ya dawo gida ya yi aure, sai ya roƙi yayansa ya ba shi fadamar mahaifinsu, wadda aka daɗe ana ba wani haya ana cefanen gidan da kuɗin. Malam Abdulkahar mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ce ya ba shi rani ɗaya; in abin da ya samo bai kai na haya ba, fadama ta koma hannun mai haya, kuma kada ya sake tada zancen. Muntaka ya amsa da to, don yana son fadamar nan kamar ransa. A cikinta ya koyi riƙe fartanya a bayan mahaifinsa.

Shekarar da ta wuce tumatir ya yi tsadar da har yanzu ake labarinta, saboda haka duk wanda ka gani yana rainon iri, na tumatir ne. Muntaka ya je ya sayo irin albasa. Matarsa Afra'u, wadda ta fi shi wayon duniya nesa ba kusa ba, ta ja masa kunne cewa ya yi shiru da bakinsa, ai shi ya karanta mata cewa ribar ɗan kasuwa na cikin abin da ya sani wasu ba su sani ba. Ya ce ya ji.

Ya ji ɗin kuwa, har ranar da Baba Yahuza ya tsayar da shi bayan sallar la'asar. Dattijo ne mai fama da ciwon gwiwa, ya sayar da awakinsa kaf zai zuba a tumatir. A gaban mutanen majalisa ya ce, "Mai Littafi, na ga ka ware daga jama'a. Tsakaninka da Allah, akwai abin da ka hango?"

Muntaka ya dubi ƙasa, ya dubi tsohon da ke dogare da sanda. Sai ya zauna ya zayyana musu komai, bai rage ko ɗaya ba. Wasu suka yi masa dariya, suka ce boko ya taɓa shi. Amma da aka ga Baba Yahuza ya koma albasa, maƙwabcinsa ya bi, na gaba ya bi, kafin a gama dashe kusan rabin bakin kogin ya zama albasa. Afra'u ta yi kwanaki tana ba shi amsa da ka.

Tumatir ya faɗi kamar yadda ya ce, har ana barin kwanduna a bakin titi suna ruɓewa. Sai dai ita ma albasar ta taru a kasuwa lokaci guda, 'yan sari suka taya yadda suka ga dama. Waɗanda suka bi Muntaka sun tsira da jarinsu, Baba Yahuza ma ya mayar da awaki biyu. Shi kuwa, da aka cire kuɗin man injin ban ruwa da taki, abin da ya rage bai kai na haya ba. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, bai ɓoye ba, amma da ƙafarsa ya je zaure ya faɗa wa yayansa gaskiya.

Malam Abdulkahar ya rufe littafin da ke gabansa. "Da ka faɗa musu, ka san za su bi ka?"

"Na sani, Yaya. Littafin ma ya faɗa."

"To me ya kai ka?"

"A zauren nan Babanmu ya koya mana cewa in an tambaye ka ilimi ba a ɓoyewa. Bai ce ban da na albasa ba."

Malam ya ɗaga kai ya kalli buzun mahaifinsu da ke rataye a bango. Can ya goge ido da gefen rawaninsa, ya ce wa ƙanin nasa ya tashi ya je ya ɗauke injin ban ruwa daga bakin kogi kafin damina ta sauka, ya adana shi da kyau, don zai buƙace shi badi.