Kacalar da Baba Ya Yanke

Sau ɗaya na taɓa ɗaga wa mahaifina murya, kuma a gaban baƙi na yi, a bakin wata fadama da ke can ƙarshen Bronx, a ƙasar Turawa. Tun a ranar na san dole in durƙusa in nemi gafararsa. Abin ba mai wuya ba ne, amma na yi ta jinkirtawa.

Lokacin ina zaune a unguwar Tremont da mijina, ina karatun ilimin tsirrai. Bayan wata guguwa da ta yi wa birnin ɓarna, an shiga gyaran fadamun bakin teku, sai na samu aikin wucin gadi da masu gyaran a wajen Pelham Bay. Aikinmu mu zaga mu gane wace ciyawa ce 'yar ƙasa, wace ce baƙuwa, mu rubuta, mu ƙirga sheƙar tsuntsaye. Ina ji da kaina sosai a shekarar. Na haddace sunayen tsirrai na littafi, kuma ba na jin kunyar gyara wa kowa.

A wannan shekarar muka kawo Baba a cire masa yanar ido. Masunci ne, ɗan masunta, daga fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana. An yi aikin lafiya, ido ya buɗe tar, sai kuma zama ya dame shi. Daga masallaci sai taga, daga taga sai masallaci. Ya tashi zai wanke kwano, mijina ya karɓe don kunya. Ya ɗauki tsintsiya, na karɓe.

"An buɗe mini ido, an rasa abin nuna mini sai bango da motoci," in ji shi wata rana. "Uwata, garin nan ba shi da ruwa ne?"

Ranar Asabar na ɗauke shi muka hau bas har inda titi ya ƙare. Muna sauka ya tsaya ya shaƙi iska, ya ce ya ji warin laka. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da warin laka kamarsa ba. Ruwa ya janye a lokacin, na gaya masa nan da sa'o'i kaɗan zai dawo, kuma haka yake yi sau biyu kullum. Bai yarda ba. Ya kafa tsinke a bakin ruwan ya ce za mu gani. Da muka dawo muka tarar tsinken ya nutse, ya riƙe baki ya ce, "Mu namu sau ɗaya yake zuwa a shekara, da roƙo."

Duk abin da muka gani sai ya raɗa masa suna. Ya hango zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ya gaishe shi kamar tsohon abokinsa. Ya ga ƙananan ƙaguwa masu ƙaton hannu guda suna ɗaga shi sama, ya ce, "Waɗannan kuma wa suke yi wa daƙuwa?" Na tsinko masa wata 'yar ciyawa mai gaɓa-gaɓa da ke fitowa a inda ruwan gishiri ke kwanciya, ya tauna, ya ce wannan miyarta ba ta buƙatar gishiri. Na murza masa ganyen wani ɗan itace mai ƙamshi, ya sa guda biyu a aljihu. Na nuna masa wata ciyawa mai ganye uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, na ce ko kusa kada ya taɓa. Wani shaho ya faɗo ruwa ya tashi da kifi a ƙafa, Baba ya tafa masa.

Da ya nuna wani farin tsuntsu ya ce balbela, sai da na gyara masa. Na ce ba ita ba ce, wannan ya fi ta girma, kuma ba ya bin shanu. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "To ai nan babu shanun da zai bi." Ni kuwa ban yi dariya ba, na tsaya ina masa bayanin launin baki da na ƙafa.

A hanyar gida na ambaci cewa Asabar mai zuwa akwai aikin gayya, mutanen unguwa za su zo a sare wata ciyawa da ta mamaye fadamar tana kashe komai. Ya gyara zama. Ya ce in sa sunansa.

Dole in yi bayanin ciyawa biyu a nan. Wadda muke yaƙi da ita doguwa ce mai kara da tuntu a ka, irin wadda ake kira gabara a wajenmu. A gida abin amfani ce, ana shinge da ita, yara suna yin sarewar busawa da ita. A nan kuwa baƙuwa ce daga wata nahiya, in ta shiga wuri ba ta barin kowa. Ta biyun tana wani ɗan lungu inda ruwan daɗi ke gangarowa ya kwanta, mai faffaɗan ganye da kai ruwan ƙasa kamar zangarniyar gero. Ita 'yar ƙasa ce, kuma 'yar kaɗan ta rage a wurin. Ni da hannuna na ɗaura mata jajayen ƙyallaye, alamar kada a taɓa, don akwai sheƙar wani baƙin tsuntsu mai jan kafaɗa a cikinta.

Wannan ta biyun ita ce kacala. Ita ce ta toshe hanyoyin ruwan garinmu tun ina yarinya, har kwalekwale ya daina wucewa. Ita ta cinye gonar shinkafarmu, tsuntsaye jan-baki suka samu maɓoya a cikinta suka ƙarasa abin da ya rage. Na tashi ina ganin Baba yana dawowa daga gayyar yankan kacala, ƙafafunsa duk matsattsaku. Na san duk wannan. Amma a littafi na san ta da wani suna, na yi jarrabawa a kanta da wancan sunan, sai kaina ya raba su biyu. Ko sau ɗaya bai zo mini in gaya masa ba.

Ranar gayyar tun da asuba ya shirya. Shugabar aikin, wata dattijuwar Baturiya mai sanyin hali, ta raba kayan aiki. Baba ya ture almakashi ya ɗauki lauje, ya gwada kaifinsa da babban yatsa. Na nuna masa gefen fadamar da hannu, na ce, "Ga ta can, wadda ta shaƙe ruwan." Ya duba ya gyaɗa kai ya ce, "Na gan ta. Mun saba." Sai aka kira ni in raka wasu can ɗaya ɓangaren, na tafi na bar shi.

Na fi awa biyu ban dawo ba. Tun daga nesa na ga lungun ya yi fili, ruwa yana ƙyalli a inda ban taɓa ganin ruwa ba. Gabara tana nan tsaye, ko ɗaya bai taɓa ba. Kacala kuwa an jera ta dami-dami a kan tudu, an ɗaure kowane dami da jan ƙyallena. Baba yana cikin ruwa har cinya, ya cire dogon takalmin roba da aka ba shi ya ajiye a gefe, fuskarsa cike da fara'a.

"Uwata, zo ki ga aiki," ya ce. "Ba a sama ake yanke ta ba. Sai an sa hannu can ƙasan ruwa, ruwan ya shiga cikin karan ya ruɓar da saiwar. Ku gaya wa Turawan nan haka ake yi. Wanda ya sa mata jan ƙyalle ya san mugu."

Mutane sun fara taruwa. Na ji jini ya hau mini ka.

"Baba, me ka yi haka? Wa ya sa ka? Ni na sa ƙyallen, don kada a taɓa! Nan ba ƙauye ba ne da kowa zai yi abin da ya ga dama!"

Ban tsaya nan ba. Na juya wajen shugabar na ce mata da Turanci ta yi haƙuri, tsoho ne, bai san komai ba.

Ya tsaya da laujen a hannu, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Tsuntsu mai jan kafaɗa yana ta shawagi a kanmu yana kuka, sai a lokacin Baba ya ɗaga kai ya dube shi. Ya fito daga ruwan, ya kwance damman ɗaya bayan ɗaya, har ya samo sheƙar a cikin na huɗu. 'Ya'ya biyu ne, ba su gama gashi ba, duk sun mutu. Ya haƙa rami da bakin laujen ya binne su, ya wanke laujen, ya miƙa wa shugabar da hannu biyu.

Matar ta dafa ƙirji ta ce in gaya masa ba komai, kuskure ne, kuma ba ta taɓa ganin mai ƙarfin aiki kamarsa ba. Ban fassara masa ba. Haushi bai bar ni ba.

A cikin bas ya tambaye ni me na ce wa matar. Na ce ba komai, haƙuri na ba ta. Ya ce, "Na ji abin da kika ce. Irin wannan ba sai mutum ya iya Turanci ba." Ya juya ya kalli taga har muka iso Tremont.

Sati biyar ya ƙara yi da mu. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Yana amsa gaisuwa, yana cin abinci, yana sa mini albarka kamar kullum. Sai dai bai sake ɗaukar tsintsiya ba, bai sake tambayar ruwa ba. Da na ce mu koma a ga furannin rawaya da ke buɗewa a bakin teku gab da sanyi, ya ce ƙafarsa na ciwo. Sau da yawa na kai masa shayi na tsaya a kansa, maganar tana bakina, sai in ce masa sukari ya isa? Girman kai ne, babu wani suna da zan ba shi. A raina ina ta cewa ai shi ma ya yi ɓarna, kamar wannan ne zai wanke ni. A filin jirgi ma na riƙe jakarsa, na yi kuka, na ce ya gaida mutanen gida.

Bayan ya koma, duk wayar da muka yi sai ya tambaya. Ya gama tambayar mijina da karatu, sai ya ce, "Ita fa, ta fito?" Ina ce masa sanyi ake yi, ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai zafi ya shigo. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yaƙi da kacala, shi ne yake jiran labarin tohonta.

Da zafi ya shigo na je na duba. Ko tsiro ɗaya babu. Gabara ta samu fili ta kutso, ta rufe lungun har ta fi ni tsayi. Na zaga, na saurara, ban ji kukan mai jan kafaɗa ba.

Ranar Juma'a ya kira, ya yi tambayarsa.

"Ta fara fitowa, Baba," na ce. "Kore shar."

Ina jin kukan awaki a bayansa.

"Uwata, kada ki yi mini ƙarya don ki faranta mini," ya ce. "Na san yadda na yanke ta. Shekara talatin ina wannan aikin, inda na sa lauje ba ta tashi." Ya yi tari. "Tsuntsayen sun samu wani wurin?"

Na ce ban sani ba.

"To. Ki ce wa matar nan ta yafe mini. Na shiga gonar mutane ban yi tambaya ba."

Na ce to. Ga ƙofa ya buɗe mini, shi da aka yi wa laifi yana neman gafarar wata. Na buɗe baki, sai na ce a raina irin wannan ba a waya ake yin ta ba, sai na je gida da Babbar Sallah na durƙusa a gabansa. Muka yi sallama.

Bai kai Sallar ba. Zazzaɓin kwana uku ne, a tsakiyar damina, kuma kafin in samu jirgi an riga an binne shi.

Da na koma aiki na sami shugabar tana jera kayan gayya a bayan mota. Na ce mata mahaifina ya rasu, kuma ya bar saƙo, ya ce ta yafe masa. Ta rungume ni ta yi mini ta'aziyya. Sannan ta ɗan yi tunani, ta ce in tuna mata, laifin me ya yi? Ta manta sarai. Na tuna mata, ta ce haba, ai ba abin da za a yafe.

Saƙonsa dai na isar. Nawa yana nan a bakina, kuma babu wanda zan kai wa.